Bin Diddigin Kurakuran Masu Koyon Rubuta Manhajar Tebur da ta Yanar Gizo: Nazari daga Keffi, Jihar Nasarawa

Tsakure

Wannan takarda ta nazarci matsalolin da masu koyon rubuta manhaja suka fi cin karo da su, tare da la'akari da yanayin koyo a garin Keffi. An kasa matsalolin gida biyar: na muhallin aiki, na cikin rubutun umarni, na manhajar tebur, na manhajar yanar gizo, da na bayanan gida kamar sunaye da lambobin waya da kuɗi. An duba kowace matsala ta fuskar alamarta da musabbabinta da maganinta. Nazarin ya nuna cewa gano inda kuskure yake ya fi gyara shi wuya, kuma kaso mai yawa na matsalolin yana aukuwa ne a mahaɗar manhaja da abin da ke kewaye da ita. Saboda haka takardar ta ba da shawarar a koyar da bin diddigin kuskure a matsayin darasi mai ƙa'idoji, da misalai daga bayanan da ɗalibi zai tarar a wurin aiki.

Fitilun kalmomi: manhaja, saƙon kuskure, bin diddigi, muhallin aiki, rumbun bayanai, Keffi.

1.0 Gabatarwa

Keffi ya daɗe da zama garin karatu. An buɗe Kwalejin Gwamnati ta Keffi a 1949, sannan bayan ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996 aka kafa Jami'ar Jihar Nasarawa a garin bisa dokar 2001, wadda daga cikin fannoninta akwai kimiyyar kwamfuta. Tazarar Keffi da Abuja kimanin kilomita 50 ce, don haka ɗalibai da dama kan nufi can don horon sanin makamar aiki na SIWES. Baya ga ɗaliban jami'a, akwai masu koyo a ƙananan cibiyoyin horo, da masu koyar da kansu ta bidiyo, da waɗanda suka shiga shirin 3MTT da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023 don horar da mutum miliyan uku a fannin fasahar zamani.

Ayyukan da waɗannan masu koyo suke somawa da su sanannu ne: manhajar rajistar ɗalibai, manhajar lissafin sakamakon jarrabawa, manhajar ƙidayar kayan shago, manhajar ajiyar bayanan marasa lafiya. Haka ma kalaman da ake ji idan aiki ya cije: "ta ƙi tashi", "jiya tana aiki", "a kwamfutata lafiya lau take". Ko ɗaya daga cikin waɗannan kalamai bai faɗi abin da aka yi ba, balle abin da aka sa ran gani da abin da ya bayyana.

1.1 Manufar Takarda

Manufar takardar ita ce bayyana musabbabin matsalolin da suka fi yawa, da nuna dangantakarsu da yanayin da ake koyo a ciki, da kuma gabatar da matakan bin diddigi da malami zai iya koyarwa kuma ya auna.

1.2 Ma'anar Kalmomi

A wannan takarda, manhajar tebur ita ce wadda ake sakawa a kwamfuta ta yi aiki a cikinta. Manhajar yanar gizo ita ce wadda aikinta ya rabu tsakanin burauza da saba. Rubutun umarni shi ne abin da mai tsara manhaja ya rubuta cikin harshe irin Java ko Python ko PHP, mafassari kuma shi ne manhajar da ke juya rubutun zuwa abin da inji zai aiwatar. Ma'aji shi ne gurbi mai suna da ake adana ƙima a cikinsa. Muhallin aiki ya ƙunshi babbar manhajar kwamfuta da sigar harshe da saitunan da rubutun ya dogara da su.

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Masana sun fara lura da nauyin neman kuskure tun farkon zamanin kwamfuta. Maurice Wilkes, wanda ya jagoranci ƙera kwamfutar EDSAC a Jami'ar Kambirij a 1949, ya bayyana daga baya cewa tun a lokacin ya fahimci wani babban kaso na rayuwarsa zai tafi ne wajen neman kurakuran shirye-shiryen da ya rubuta da hannunsa. Edsger Dijkstra kuwa ya yi nuni da cewa gwaji na iya nuna akwai kuskure, amma ba ya iya tabbatar da babu shi. Papert (1980) ya ɗauki gyaran kuskure a matsayin hanyar koyo ita kanta.

A 1986 an samu ayyuka da dama kan masu koyo. Du Boulay ya nuna cewa mai koyo yana bukatar ya gina surar inji a zuci, wato fahimtar abin da kwamfuta ke yi da kowane umarni. Pea ya gano cewa kurakurai da yawa suna fitowa daga zaton da mai koyo ke yi cewa kwamfuta na da hankalin gane nufinsa. Spohrer da Soloway sun nuna cewa haɗa ƙananan dabaru su zama shiri guda ya fi jawo kuskure fiye da rashin sanin ƙa'idojin harshe. Perkins da abokan aikinsa sun bambanta mai tsayawa cik da zarar ya haɗu da matsala, da mai ci gaba da nema, da mai taɓe-taɓe wanda ke canza rubutu barkatai ko za a dace.

Katz da Anderson (1987), sannan Fitzgerald da abokan aikinta (2008), sun tabbatar da cewa da zarar ɗalibi ya gano gurbin kuskure, galibi yana iya gyara shi. Lister da abokan aikinsa (2004) sun gano raunin ɗalibai na ƙasashe daban-daban wajen karanta ɗan gajeren shiri su faɗi abin da zai fitar. Brown da Altadmri (2014) sun nuna cewa hasashen malamai game da kurakuran da suka fi yawa bai dace da bayanan ɗalibai ba, kuma a 2015 suka nazarci fassara miliyan 37 ta harshen Java, inda rashin daidaita baka ya zo kan gaba. Zeller (2005) ya tsara bin diddigi bisa tafarkin kimiyya, ya kuma rarrabe aibin da ke cikin rubutu, da gurɓatar ƙima da aibin ke haifarwa, da gazawar da ido ke gani.

Waɗannan ayyuka sun fi mayar da hankali kan gajerun shirye-shirye a ɗakin gwajin da aka riga aka daidaita, a Turai da Amurka da Ostireliya. Mai koyo a Keffi shi ke saka kayan aikinsa da kansa, yawanci a kwamfutar gwanjo, da wutar da ba ta da tabbas da data mai tsada. Wannan giɓi ne takardar ta nufi cikewa.

3.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar siffantawa ta nazarin misalai. An zaɓi matsala idan ta cika sharuɗɗa uku: ta shafi kayan aikin da masu koyo suka saba amfani da su, wato Java da Python da Visual Basic da PHP da JavaScript da XAMPP, kowa zai iya sake haifar da ita a kwamfutarsa, kuma musabbabinta sananne ne a bayanan da masu harshen suka wallafa. An yi amfani da rabe-raben Zeller wajen bin kowace matsala daga alama zuwa tushe, da ra'ayin Du Boulay wajen gano gurbin da fahimtar mai koyo ta kauce.

4.0 Nazarin Matsaloli

4.1 Matsalolin Muhallin Aiki

Waɗannan kan tari mai koyo tun kafin ya rubuta layi goma. Ya saka Python ko Java, ya kira sunanta a tagar umarni, Windows ta amsa cewa ba ta san wannan umarni ba. Dalili shi ne ba a sa jakar da shirin yake a cikin jerin PATH ba, wato jerin wuraren da Windows ke dubawa idan aka kira shiri. Mai koyo da bai san da wannan jeri ba yakan cire shirin ya sake sakawa, ya ƙona data a banza.

Matsala ta biyu ita ce saɓanin siga, wanda ke yawan aukuwa saboda ɗalibai na gadon ayyukan waɗanda suka gabace su da tsoffin darussan bidiyo. An cire umarnin mysql_connect daga PHP 7.0 a Disamban 2015, don haka aikin da aka rubuta da shi ba zai tashi a sabuwar XAMPP ba. An daina tallafa wa Python 2 a ranar 1 ga Janairu, 2020, kuma yadda ake rubuta print a cikinta kuskure ne a Python 3. An cire gadar JDBC-ODBC a Java 8, an kuma raba JavaFX da ainihin kunshin Java tun siga ta 11. Idan aka fassara shiri da Java 17 aka kai shi kwamfuta mai Java 8, sai saƙon UnsupportedClassVersionError ya fito ɗauke da lambobi 61 da 52, waɗanda su ne lambobin sigogin biyu. Amsar tana cikin saƙon ga wanda ya karanta shi.

Matsala ta uku ita ce ƙofa. A XAMPP, sabar Apache na sauraro a ƙofa ta 80, rumbun MySQL a ta 3306, kuma shiri biyu ba sa riƙe ƙofa ɗaya a lokaci guda. Idan wani shiri ya riga ya kama ta, sabar ba za ta tashi ba, sai an tsayar da shi ko an sauya lambar ƙofar. Ta huɗu ita ce ɗaukewar wuta. Kwamfutar da batirinta ya mutu tana mutuwa ne nan take, kuma idan hakan ya faru rumbun bayanai na tsakiyar rubutu, fayilolinsa na iya lalacewa, washegari XAMPP ta ce MySQL ta rufe ba zato. Rigakafin shi ne tsayar da rumbun kafin kashe kwamfuta, da fitar da kwafin bayanai a fayil na SQL a ƙarshen kowane zama.

4.2 Kurakuran Cikin Rubutun Umarni

Kuskuren ƙa'idar rubutu, kamar bakan da ba a rufe ba ko waƙafi mai ɗigo da aka manta, shi ya fi yawa kuma shi ya fi sauƙi, domin mafassari na tsayawa ya faɗi lambar layi. Abin da ya kamata mai koyo ya sani shi ne layin da aka ambata nan ne mafassari ya rikice, ainihin kuskuren na iya kasancewa a sama da shi. Haka kuma kuskure ɗaya na iya haifar da saƙonni ashirin, don haka na farko ake fara gyarawa a sake fassara.

Kuskuren lokacin aiki yana bayyana ne bayan shiri ya tashi. Jeri mai gurbi goma a Java yana farawa daga 0 ya ƙare a 9, saboda haka zagayen da ya kai 10 zai faɗi. NullPointerException na nufin an nemi amfani da ma'ajin da ba ya nuni ga komai. Tony Hoare, wanda ya shigo da wannan tsari a 1965, ya bayyana shi a 2009 a matsayin kuskuren da ya jawo asarar dala biliyan. A nan ma saƙon na ɗauke da jerin kiran da aka yi har zuwa wurin faɗuwa. Dabarar ita ce neman layin da ya ambaci fayil ɗin mai koyo, tare da sanin cewa Java na sa kira na ƙarshe a sama, Python kuma a ƙasa.

Kuskuren ma'ana shi ya fi haɗari, domin babu saƙon da ke fitowa. A ɗauki manhajar lissafin sakamako. Ɗalibi ya tara maki 67 a kwasa-kwasai masu nauyin 18, matsakaicinsa 3.72, wanda a ma'aunin maki biyar ya faɗa matakin digiri na biyu na sama. Idan an ajiye lambobin biyu a ma'ajin cikakkiyar lamba, Java za ta raba su ta yar da ragowa ta ba da 3, ɗalibin ya sauko zuwa na biyu na ƙasa. Shirin bai faɗi ba, takardar sakamako ta fito tsaf, amma an zalunci mutum. Irin wannan ne kwatanta rubutu da alamar == a Java, wadda ke duba ko abu ɗaya ake nuni gare shi a maimakon duba haruffan, da haɗa "5" da 3 a JavaScript a samu 53 saboda abin da aka karɓo daga fom rubutu ne. Duk ukun misalai ne na abin da Pea ya bayyana: mai koyo ya ɗauka injin ya gane nufinsa.

4.3 Matsalolin Manhajar Tebur

Manhajar tebur takan yi aiki a kwamfutar mai ita ta ƙi a ta malami mai duba aiki. Musabbabi na farko shi ne cikakken adireshin fayil da aka rubuta a cikin shiri, wanda ya ƙunshi sunan mai kwamfutar. Da an kwashe aikin a filashi, adireshin ya daina nuni ga komai. Na biyu shi ne saɓani tsakanin shiri mai bit 32 da direba mai bit 64, wanda ke sa manhajar Visual Basic ta ce ba a yi rajistar Microsoft.ACE.OLEDB.12.0 ba, alhali Access na cikin kwamfutar. Na uku shi ne kundin kayan aiki na waje, kamar direban haɗa Java da MySQL, da ba a haɗa cikin kunshin ƙarshe ba.

Daskarewar taga matsala ce ta daban. A Swing da Windows Forms da Tkinter, zare guda ne ke zana taga yana kuma amsa danna maɓalli. Idan aka ɗora masa dogon aiki, kamar karanto dubban layuka daga rumbu, tagar za ta sandare har ya gama. Mai koyo kan ɗora laifin a kan tsufan kwamfuta. Maganin shi ne miƙa dogon aikin ga wani zare, a bar na tagar da aikinsa.

4.4 Matsalolin Manhajar Yanar Gizo

A nan surar inji a zuci ta zama uku: burauza da saba da rumbun bayanai, kowanne da harshensa da wurin da yake rubuta kurakuransa. Mai koyo da ya danna fayil na PHP sau biyu ya buɗe shi kai tsaye zai ga rubutun umarnin a fili ko shafi a hargitse, domin fayil ɗin bai bi ta saba ba. Dole ya kasance a jakar htdocs a kira shi ta localhost. Lambobin amsa ma suna raba gardama: 404 na nufin ba a sami abin da aka nema ba, 403 an hana shiga, 500 kuwa shirin da ke kan saba ne ya faɗi, kuma bayaninsa na cikin kundin kurakuran sabar. Farin shafi fayau galibi kuskure ne da aka kashe nuna shi.

A ɓangaren burauza, maɓallin F12 na buɗe kayan bincike da ke nuna kurakuran JavaScript da duk wata buƙata da aka aika. Ta nan ake gane cewa umarni ya nemi wani sashe na shafi kafin a gina shi, ko an yi amfani da amsar saba kafin ta iso, ko burauza na nuna tsohon kwafin da ta adana.

Matsaloli biyu sun fi shafar yanayin Keffi. Ta farko, shafin da ke ɗauko Bootstrap ko jQuery daga intanet zai zube ranar kare aiki idan data ta ƙare ko sabis ya yi rauni, alhali sauke fayilolin cikin jakar aiki ya wadatar. Ta biyu, Windows ba ta bambanta babban baƙi da ƙarami a sunan fayil, Linux kuwa, wadda mafi yawan sabobin haya ke amfani da ita, tana bambantawa. Hoton da aka ajiye da suna Logo.png aka kira shi logo.png zai fito a gida ya ɓace bayan ɗora shafin.

4.5 Matsalolin Bayanan Gida

Darussan da ake koyo da su an gina su ne a kan sunaye da lambobin wasu ƙasashe, shi ya sa wannan rukuni ba ya bayyana sai manhaja ta haɗu da mutanen da aka yi ta dominsu.

Misali na farko shi ne suna mai alhamza. Manhajar rajista ta karɓi Musa da Binta da Audu lafiya, da aka zo kan Sa'adatu sai ta faɗi da kuskuren SQL mai lamba 1064. Mai koyo ya manna abin da aka rubuta a fom kai tsaye cikin umarnin rumbu, shi kuma SQL da wannan alama yake buɗe rubutu ya rufe shi. Rumbun ya karanta Sa a matsayin suna, ya ɗauki adatu a matsayin umarnin da bai sani ba. Isma'il da Ja'afar da A'isha duk haka za su yi. Wasu kan magance abin da hana rubuta alamar, wato su gurgunta sunan mutum. Amma ɓarakar da ta kayar da Sa'adatu ita ce ɓarakar da ɓarawon bayanai ke cusa umarninsa ta ciki, harin da ƙungiyar OWASP ta sa rukuninsa a matsayi na ɗaya a jerinta na manyan haɗurran manhajar yanar gizo na 2017 da na uku a na 2021. Maganin duka biyun ɗaya ne: shiryayyen umarni, wanda ke aika umarni daban bayanai daban.

Na biyu shi ne baƙaƙe masu ƙugiya. A tsarin UTF-8, ƙ da ɗ da ɓ kowanne na cin bayit biyu. Idan aka adana da UTF-8 aka karanta da tsarin Windows-1252, kalmar ƙasa za ta fito Æ™asa, alamar naira kuma ta koma â‚¦. Idan gurbin rumbun na latin1 ne, baƙin kan koma alamar tambaya. Dole shafi da mahaɗin rumbu da tebur su yi tarayya a tsari guda, wato utf8mb4, wanda MySQL ta mayar tsarinta na asali a siga ta 8.0. Haka kuma strlen na PHP bayit yake ƙirgawa, zai ce ƙasa biyar ce, mb_strlen ne ke ba da huɗu.

Na uku shi ne lambar waya. Lambobin wayar Nijeriya 11 ne kuma da sifiri suke farawa. Gurbin INT yana yar da sifirin, kuma iyakarsa 2,147,483,647, wadda ragowar lambar ta zarce. Idan ba a tsaurara ƙa'idojin rumbun ba, zai ajiye wannan iyaka, sai a wayi gari duk ɗaliban da ke tebur lambar wayarsu ɗaya. Lambar waya da NIN da BVN shaida ce da ba a yin lissafi da ita, don haka rubutu ne matsayinsu.

Na huɗu shi ne kuɗi da lokaci. A tsarin IEEE 754 na 1985, tara 0.1 da 0.2 na ba da 0.30000000000000004, saboda haka kuɗi a gurbin DECIMAL ko a kwabo ake ajiye su. Dandalin biyan kuɗi na Paystack ma a kwabo yake karɓar adadi, wanda ya aika 5000 yana nufin naira dubu biyar, naira 50 za a cire. XAMPP kuma takan zo da agogon Berlin, wanda ya yi daidai da na Nijeriya a lokacin sanyinsu, ya kuma wuce shi da awa ɗaya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba. A wannan tsakani, manhajar ɗaukar halarta za ta rubuta wanda ya zo da wuri a cikin makararru har sai an saita Africa/Lagos.

Na biyar shi ne ajiye kalmar sirri a fili ko da MD5, alhali PHP na da password_hash tun siga ta 5.5. Tun da aka sa hannu kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya a Yunin 2023, sakaci da bayanan mutane ya zama abin da doka ke tuhuma.

5.0 Matakan Bin Diddigi

Hausawa na cewa sanin wurin bugu shi ne ƙira. Daga abin da ya gabata, ana iya tsara aikin cikin matakai shida.

Na ɗaya, a sake haifar da matsalar, a rubuta abin da aka yi da abin da aka sa rai da abin da ya fito. Na biyu, a karanta saƙon kuskure gaba ɗaya, a fitar da nau'insa da sunan fayil da lambar layi. Na uku, a tantance sashen da abin ya shafa: muhalli ne, ko rubutu, ko burauza, ko saba, ko rumbu. Kwafe umarnin SQL a gwada shi shi kaɗai a phpMyAdmin na raba wannan gardama cikin minti ɗaya. Na huɗu, a rage fagen nema ta hanyar buga ƙimar ma'aji a tsakiyar shiri: idan daidai take kuskuren na gaba, idan ta gurɓata yana baya. Da wannan rabawa biyu-biyu, shiri mai layi 1,000 bai wuce dubawa goma ba. Na biyar, a yi hasashe guda, a canza abu guda, a gwada. Na shida, bayan gyara a sake gwaji da bayanai masu wuya: gurbin da ba a cike ba, sifiri, suna mai alhamza, baƙi mai ƙugiya.

Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, yana aiki ba tare da intanet ba, kuma shi ke amsa koken "jiya tana aiki" ta hanyar nuna layukan da suka canza tun jiyan. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT, da ya fito a Nuwamban 2022, na iya bayyana ma'anar saƙon kuskure, sai dai ingancin amsarsu ya dogara da ingancin bayanin da aka ba su a mataki na ɗaya. Wanda ke manna gyaran da bai fahimta ba ya koma mai taɓe-taɓen da Perkins ya siffanta.

6.0 Shawarwari

Manhajar karatu ta CCMAS da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a Disamban 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta. Wannan dama ce ta sa bin diddigi a matsayin darasi mai maki. Ana ba da shawarar: a riƙa ba ɗalibai shirye-shirye masu kurakuran da aka dasa da gangan, a auna su kan gano gurbi da bayyana musabbabi, a koyar da bin shiri da biro da takarda, wanda ba ya jiran wuta, kowane ɗalibi ya riƙe kundin kurakuran da ya haɗu da su ya miƙa tare da aikinsa, sassa da cibiyoyin horo su tanadi kunshin kayan aiki mai siga guda da bayanan harsuna da ake karantawa ba tare da intanet ba, masu duba aiki su gwada kowace manhaja a kwamfutar da ba ta ɗalibin ba, da sunaye da lambobi na gida. Haka kuma, tunda saƙonnin kuskure da Ingilishi suke fitowa, bayyana ma'anarsu da Hausa ko wani harshen da ɗalibai ke ji a ajin farko zai rage tsoron karanta su.

7.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa matsalolin masu koyon rubuta manhaja suna da sanannun musabbabai da za a iya rarrabewa a koyar. Kurakuran ƙa'idar rubutu, waɗanda aka fi nazarta, mafassari na taimakawa wajen kama su. Waɗanda suka fi illa su ne na mahaɗa: tsakanin shiri da sigar harshe, tsakanin burauza da saba, tsakanin gurbin rumbu da bayanan mutanen Keffi. Waɗannan ba sa fitowa a darasin da aka shigo da shi daga waje, kuma sau da yawa ba sa fitar da saƙo. Ɗalibin da aka horar ya bayyana matsala daidai, ya karanta saƙo, ya raba fage, ya gwada hasashe guda, zai iya tunkarar harshen da ba a taɓa koya masa ba. Mataki na gaba ga masu bincike shi ne tattara saƙonnin kuskure daga ɗakunan gwajin makarantun Jihar Nasarawa, da izinin ɗalibai, domin a auna yawan kowane rukuni a kuma tsara darussa bisa abin da aka samu.